Azumin da Munka Yi da Isansi Cikin Gida

Bana bazara ta shigo da ƙarfinta. Tun hantsi duwatsun bayan garinmu ke ɗaukar zafi, wanda ya taka su ba takalmi sai ya yi rawa ba kiɗi. Shekaranjiya ina hawowa daga garka da kwandon albasa bisa kai, na iske wani ɗan kabu-kabu gindin dogon yaro yana ɗura ma babur ɗinsa isansi daga kwalba. Kaɗan ya zube a ƙasa mai zafi. Warin na bugun hancina sai na sauke kwandon na zauna. Yaron ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce masa rana ce ta buge ni. Ban gaya masa cewa wata bazara ce ta dawo mani ba, wadda yaron da nike goye da shi cikinta yanzu ya shiga lakkol, makarantar boko.

Maigidana, Nomau, na faɗi sunan ne don ku san wanda nike nufi, ba manomin garka ba ne a lokacin. Tun yana saurayi ya koyi gyaran injin ban ruwa a Madawa. Fadamar da ke ƙasan garinmu, nan kusa da Tama, duk albasa ce, kuma kowace garka da injinta. Shi ke gyara masu, shi ke saida masu isansin da injinan ke sha. Muna da gonar hatsi bisa tudu kamar kowa. In kaka ta yi sai ya saida mafi yawan hatsin, ya sayo isansi daga bakin iyaka cikin manyan jarkokin da muke ce ma bido, masu garka su yi ta saye har cire albasa, sannan ya mai da hatsi cikin rumbu fiye da wanda ya fitar. Haka muke yi kowace shekara, ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Daminar da ta gabaci waccan bazarar ba ta yi kyau ba, hatsin da munka samu bai kai rabin rumbu ba. Muna cikin yanka shi wasu mutanen furoje, masu aikin raya karkara, sunka zo fadama. Sunka haƙa rijiya mai zurfi, sunka kafa ƙafafun ƙarfe, sunka jera baƙaƙen faranti suna kallon sama. Aka ce rana kawai za su sha su jawo ruwa. Maigida ya sauka ya gani, ya dawo yana dariya.

"Mun ga furoje iri-iri," in ji shi. "In ya yi wata biyu bai mutu ba, ki canza mani suna."

Ya saida hatsin kamar yadda ya saba, har ya ƙara da tunkiyata, ya cika ɗakin langa-langar da yake aje injina da biduna. Ɗakin nan bango guda ya raba shi da inda muke kwana.

Abin da ya fara ba ni tsoro shiru ne. Tun da anka kawo ni garin nan, ƙarar injina ke tada ni da asuba, tana hawowa daga fadama kamar ana daka a gidaje ɗari. Da sanyi ya shiga, wata safiya na farka na ji kukan kurciya. Na kasa kunne. Inji guda ne can nesa ke tari, shi ma kafin hantsi ya yi shiru. Da rana ta ɗaga na leƙa daga bakin dutse, na hangi ruwa na gudu cikin fangalai yana walƙiya, ba hayaƙi, ba ƙara. Mutane sun yi murna, kuma murnarsu da gaskiya take. Wanda rabin albasarsa ke tafiya wajen isansi da gyara, yau ya samu ruwa kyauta daga sama. Sun yanka rago, an kawo mana namu kason. Maigida bai ci ba.

Ya yi ta jiran farantan su mutu, ba su mutu ba. Masu babur na garinmu ba su da yawa, kwalba guda ko biyu suke saye. A kasuwar Buza duk masu sana'a irin tasa sun kawo nasu suna neman kai da shi, in kuma ka ɗora biduna bisa amalanke ka hau hanya, 'yan duwan, wato kwastan, na iya karɓewa. Sai ya ce mu jira zafi, wai zafi zai ƙone farantan, a dawo neman sa.

Zafi ya zo, azumi ya zo tare da shi. Bana azumi ya riske mu da sauran sanyi-sanyi, yara har suna cewa ba wuya. Na waccan shekarar tsakiyar bazara ya faɗo. Kafin azahar harshe ya zama kamar ɓawon itace, tabarma na ƙuna, ruwan randa kamar an sauke shi daga wuta. Langa-langar ɗakin nan kuwa in ka taɓa ta sai ta ɗauke maka fata. Bidunan sunka kumbura kamar cikin akuyar da ta ci ɗanyen wake. In gida ya yi tsit sai ka ji su suna huci ta bakin marfi, siii, siii. Kowace safiya maigida na sassauta marafan su sha iska, ya rufe su da jiƙaƙƙun buhuna, kafin rana ta kai tsaka buhunan sun bushe ƙamas. Warin ya shiga tufafinmu, ya shiga furar da nike damawa. 'Yata Sa'a ta yi ta kukan ciwon kai, jaririn kuma ya riƙa amai.

Na daina hura wuta a gidana. Na kwashe ashana na kai maƙwabta. In baƙo ya shigo, kafin in ce masa sannu da zuwa sai na dubi hannunsa ko da taba. Girki kuwa na mai da shi gidan Iya Biba, tsohuwar da darnin kara ya raba mu da ita. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyanta maza suna wajen biɗar kuɗi a Abija, can ƙasashen bakin teku, ita kaɗai ke noma 'yar gonarta da taimakon jikoki. Murhunta na can ƙarshen gidanta, nesa da bangonmu. Da la'asar in ɗauki tukunya in zagaya.

Abin da ke cikin tukunyar ma ya yi ta raguwa. Hatsin da ya rage munka riƙa auna shi da tafin hannu. Ni da Sa'a muna hawa dutse da sassafe mu tsinko 'ya'yan anza, mu jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ganyen jiga kuma a tafasa shi a matse a sa gishiri. Kunun buɗa-bakinmu ya koma kamar ruwan wankin ƙwarya. Sau da yawa in na juya baya, in dawo in iske kununa ya yi kauri. Iya Biba na zaune tana kaɗa mafici kamar ba ta san komi ba. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗi ba.

Wata safiya na ce ma maigida, "Don Allah mu kai abin ga cikin ƙorama mu zubar. Ko barci ba ni yi."

Ya dube ni ya ce, "Rumbunmu ne fa kike cewa in zubar cikin rairayi."

Ya rage zuwa dandali. In ya gitta, masu garka na gaishe shi a gurguje su sunkuyar da kai, wasu don kunya, wasu kuma na ji ana cewa suna faɗin ai ya daɗe yana cin guminsu. Daga baya ya fara zancen tafiya arewa haƙar zinariya. Wana Sale can ya tafi, har yau ba mu ji ko yana raye ba, mun dai ji labarin ramukan da ke rufta ma mutane. Na rasa wanne na fi tsoro, abin da ke huci bayan bangona ko ramin da ke jiran sa.

A goman ƙarshe na azumi abin ya faru. Maza duk suna fadama ana cire albasa, har da maigida, wanda ya kai ga yin ƙodago yana yanke ganyen albasa a garkar mutanen da dā ke zuwa ƙofarsa da rarrashi. La'asar ta yi, mata sun ɗora tukwanen buɗa-baki. Ina gidan Iya Biba ina tankaɗe, sai ga guguwa ta taso daga gabas, doguwa, tana juya kara da ledoji. Ta ratsa ƙarshen unguwa ta wuce. Ba a jima ba na ji wata mace ta ƙwalla, "Gobara! Gobara!" Guguwar ta kwashi garwashi daga wani murhu ta watsa cikin darni.

Na fito na ga wutar. Tana bin darnin kara kamar an sa ta tsere, gida na miƙa ma gida, iska kuma na turo ta wajenmu. Na tsaya da rariya a hannu ina kallo. Mata na ta fitowa da tabarmi da kwanoni da akwatuna.

Muryar Iya Biba ce ta farkar da ni. Ban san tsohuwar nan na da murya haka ba.

"Ku aje kayan ga! Bidunan Nomau! In wuta ta kai masu ba gidan da zai tsira, ku zo!"

Ta kwance jaririn daga bayana ta danƙa ma Sa'a, ta ce ta ruga bisa dutse kada ta waiwaya. Munka buɗe ɗakin. Zafin da ya fito da warin sai da sunka mai da mu baya. Mata masu azumi, waɗanda tun asuba ba su sa ɗigon ruwa a baki ba, sunka riƙa cicciɓar biduna masu zafi, wasu biyu-biyu, wasu bisa kai, muna gangarawa da gudu zuwa busasshiyar ƙoramar da ke bayan gidaje, mu aje mu dawo. Kowace dawowa wutar ta ƙara matsowa. Hayaƙi ya rufe rana, awaki na kuka a turke, toka mai zafi na sauka kamar yayyafi.

Ina ɗauke da wani bido bisa kai, na fito ƙofar gida ke nan, na yi tuntuɓe. Marfin da anka sassauta da safe ya fice. Isansi ya kwararo mani bisa fuska, ya bi wuya, ya jiƙa rigata da zanena har ƙafa. Idanuna sunka kama raɗaɗi kamar wuta, na daina gani. Sai ji kawai nike yi: ƙarar kara na fashewa kusa da ni, fat, fat, da wani abu mai zafi da ke gilmawa gefen kunnena. Na san tartsatsi guda ya ishe ni. Na so in yi salati, bakina ya cika da ɗaci. Na so in gudu, ban san ina wutar take ba, ina tsoron in ruga cikinta. Na tsaya cik ina jiran ta.

Hannu ya kama ni ya fizga. Iya Biba ce. Ta ja ni kamar akuya har cikin ƙorama, ta yage rigar, ta warware zanen ta yi jifa da su can sama bakin gaɓa, ta tura ni ƙasa ta riƙa watsa mani rairayi tana gogewa da shi, tana cewa, "Kada ki buɗe ido, ɗiyata, kada ki buɗe." Ta cire mayafinta ta rufe ni. Da na samu na buɗe ido guda cikin hawaye, abin da na fara gani zanena ne bisa gaɓa. Ba wanda ya taɓa shi. Wani ɗan tartsatsi ya sauka kansa, ya tashi gaba ɗaya, bup, kafin in ƙifta ya zama baƙin abu.

Lokacin ne maza sunka iso daga fadama, wasu da gudu, wasu bisa amalanke da gangunan ruwan da sunka cika daga tankin sabuwar rijiya. Sauran biduna kaɗan cikin ɗakin, wuta kuma ta kama ƙyauren. Maigida ya kutsa ya jawo guda, hannunsa na dama ya kama. Maza sunka danne shi sunka tusa hannun cikin ƙasa. Sannan ɗakin ya tashi. Na ji ƙarar a ƙirjina kafin kunnena, na ga langa-langar ta yi sama ta faɗo tsakar gida a naɗe. Aka rushe darnukan da ke gaba, aka yi ta ruwa da ƙasa har wutar ta rasa abin ci.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Injinan maigida da kayan aikinsa sun narke. Darnukan unguwa sun tafi, da awakin mutum biyu. Sai rumbun Iya Biba. Lokacin da take cikin ƙorama tana goge ni da rairayi, wuta ta kama jinkarsa ta faɗa ciki, ba wanda ya lura sai da ya makara. Da ladan ya kira magariba muna zaune cikin toka, aka zagaya da sauran ruwan ganga cikin moɗa guda, kowa ya kurɓa. Kwana da kwanaki hatsinta na ci a hankali cikin rumbun, unguwa duk ƙamshin gasasshen hatsi, mu kuwa da yunwa.

An kai maigida likita a Buza, ya dawo da hannu a naɗe. Ni kuma wani sabon tsoro ya kama ni. Ba gidanmu wutar ta taso ba, amma kowa ya san saboda kayanmu mata sunka bar nasu. In na fita ɗiban ruwa sai in ji kamar duk idanu na kaina. Da anka ce maigari ya kira taro bayan Salla, na ce a raina korar mu za a yi.

Maza sunka zauna ƙofar maigari, mu mata muna bayan zana muna saurare. Alhaji Arzika, shugaban masu garka, ya ce abin da ya rage na isansi ba zai sake kwana cikin gari ba. Kowa ya yarda. Wani mai garka da ake kira Mamman ya miƙe ya ce ba isansin kaɗai ba, mai shi ma ya kamata ya san inda dare ya yi masa, don ya kusa kashe gari saboda kwaɗayi. Wasu sunka yi gunaguni, wasu sunka ce gaskiya ne. Na ji muryar maigida, ƙasa-ƙasa.

"Ba sai kun kore ni ba. Hannun ga na warkewa zan yi arewa. Ku dai yafe mani."

Sai na ga Iya Biba ta ɗage gefen zanar ta fita wajen maza da sandarta. Shekarunta sun ba ta wannan damar.

"Maigari, ni ce rumbuna ya ƙone, ko ba ni ba?"

"Ke ce, Iya."

"To ni ke da magana. Arzika, ranar da ruwa ya fito kun yanka rago, na ci, ya yi daɗi. Tun daga ranar, wa ya hau tudu cikinku ya tambayi mi gidan yaron ga ke ci? Ni na sani, don a murhuna ake dafa shi. Anza ce. Kuna cire albasa suna jiƙa anza."

Alhaji Arzika ya ce, "Iya, ba mu tambaya ba."

"To ku tambaya yanzu," in ji ta, ta juyo ta dawo bayan zana ta zauna tana haki.

An daɗe ana magana. Abin da anka tsaida shi ne masu babur da mai injin niƙa su raba sauran isansin tsakaninsu su ba da hatsi. Ƙungiyar masu garka ta yanka ma maigida wuri a ƙarshen fadama inda ruwan ke kaiwa, shi kuma ya riƙa tsaron farantan yana share su. In mutanen furoje sun nemi wanda za a koya ma gyaran sabbin famfunan, sunansa za a ba da. Mamman ya kaɗe rigarsa ya tafi tun ba a shafa fatiha ba.

Na yi zaton maganar arewa ta mutu, ashe da sauranta. Hatsin da anka kawo munka raba biyu da Iya Biba, abin da ya rage mana ba zai kai mu tsakiyar damina ba. Garka kuwa ba ta ba da komi sai sanyi ya dawo. Irin shuka ma babu, mun cinye namu cikin azumi. Maigida ya ɗaure 'yan tufafinsa cikin jaka ya rataye ta bayan ƙyaure.

"Sun kyauta," in ji shi. "Amma alkawari ba ya shiga tukunya. In na zauna mi za mu shuka, mi za ku ci?"

Na ce, "Da hannu guda za ka shiga rami?"

Motar da ke kwasar masu tafiya Agadas tana bi ta hanyar garinmu ranar kasuwa. Na riƙa kallon jakar nan kamar yadda na riƙa kallon bidunan.

Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Ana gobe kasuwa, da yamma, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ya wanke tokar unguwa, baƙin ruwa ya gangara ƙorama. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, yara na tsalle tsirara cikinsa. Ni ina bakin ƙofa ina kuka, don na san gobe kowa zai fita shuka, mu kuwa sai rakiya bakin hanya.

Da safe ina share ruwan tsakar gida, matar liman ta yi sallama. Ta kwance bakin mayafinta ta zuba mani tafi guda na irin hatsi cikin ƙwarya, ta ce, "Ba yawa," ta fita da sauri don mijinta na jiran ta. Bayanta wata ta shigo, bayanta wata. Wannan tafi guda, waccan rabin moɗa, wata dawa, wata wake. Matar Mamman ma ta zo, ta zagayo ta baya, ta zuba nata ta ɗora yatsa bisa baki. Iya Biba ta zo daga ƙarshe da zangarniya uku da take rataye da su cikin ɗakinta, su kaɗai wuta ta bar mata. Ta murje biyu cikin ƙwaryata ta riƙe guda. Ba wanda ya tsaya rarrabewa, duk sunka gauraye.

Maigida na tsaye da jakarsa a kafaɗa yana kallon ƙwaryar, sai ga Alhaji Arzika da maza wajen goma, kowa da sungumi.

"Nomau, mun bar namu gonakin sai gobe, laima ba ta jira. Wuce gaba ka nuna muna iyakar gonarka, kada mu shuka ma maƙwabcinka."

"Alhaji, yau ne motar..."

"Mota na zuwa kowace kasuwa. Wuce mu tafi."

Ya rataye jakar ya wuce gaba. Maza na sara, mu mata muna bi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Shi da ba ya iya riƙe sungumi ya shiga layinmu, ƙwarya a hannun hagu, Sa'a na jefa masa iri yana rufewa. Wajen hantsi munka ji ƙahon motar daga hanya. Ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta sha kwana bayan dutse, sannan ya ce ma Sa'a, "Jefa mana, kin bar rami biyu."

Ba zan ce daminar ta zo da sauƙi ba. Bayan tsiro ruwa ya ɗauke har ganye ya fara naɗewa, muna fita kowace yamma muna duban gabas. Mun koma ma ganyen tafasa da yaɗiya. Jakar nan ta daɗe bayan ƙyaure ba a kwance ta ba. Amma ruwa ya dawo, an yi mana gayyar noma, hannun ya warke ya bar tabo da yatsu biyu da ba su lanƙwasa. Da sanyi ya shiga aka tura shi Madawa ya koyo gyaran famfunan. Yau shi ake kira har garuruwan wajen Allakaye in famfo ya tsaya, muna kuma da fangalan albasarmu. Wasu da sunka yi sana'a irin tasa a wasu garuruwa sun yi arewa, akwai waɗanda har yau matansu ke jira.

Gonar waccan shekarar kuwa ba a taɓa ganin irinta ba. Wani hatsin iya ƙugu, wani ya fi mutum tsawo, ga dawa tsakani, wake na yaɗo ƙarƙashi. Masu wucewa na tsayawa su yi dariya. Mata na zuwa suna nuna nasu, wannan ta ce ga na gidanmu, waccan ta ce wancan mai gashi nawa ne. Gajeren ya nuna tun sauran gonaki ba su fidda kai ba, da shi munka kashe yunwa, muna yanka wannan wancan na nuna.

Iya Biba, Allah ya ji ƙanta, ta sa jikanta ya kai ta bisa jaki ana gab da kaka. Ta shiga gonar da sandarta tana ɗaga kai tana dubawa, har ta iske wasu dogaye can tsakiya, kore shar, ko alamar nuna ba su yi ba. Ta kama kara guda ta girgiza shi.

"Wanga nawa ne, irin ubana," in ji ta. "Ba shi da gaugawa. Nomau, in ka yanke mani shi ɗanye, ni da kai ne."

Maigida ya ce, "Ina nan, Iya. Zan jira shi."